Abin da Haladu Sanƙira Ya Maimaita

Haladu mutumin Rafin Kargo ne, wani ƙauye da ke gefen Dingaya a ƙasar Gwaram. Manomi ne kamar kowa a garin, yana da gonar gero da dawa da ɗan fegin gyaɗa, amma ba da noma aka san shi ba. Da murya aka san shi. Idan ya tsaya a bakin gona ya ƙwala wa matarsa Bara'atu kira, har Bara'atun wasu unguwanni sukan amsa.

Sanƙira ne, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. A wajen ɗaurin aure manya ba sa ɗaga murya. Waliyyin amarya yakan sunkuyar da kai ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, cikin muryar da na kusa da su ma sai ya kasa kunne. Sanƙira ne yake durƙusawa a tsakaninsu, ya ɗauki maganar daga bakinsu, ya miƙe ya cilla ta har ga waɗanda suka makara suka tsaya a rana. In ya gama sai ya tambaya, "Jama'a, kun shaida?" a amsa masa, "Mun shaida." Daga nan magana ta zauna, babu mai tayar da ita. Haka ake yi a raɗin suna, haka ake yi a sulhu a ƙofar gidan dagaci.

Ƙa'ida ɗaya uban Haladu ya bar masa: kada ya ƙara, kada ya rage, kada kuma ya tsaya tauna magana a bakinsa kafin ya fitar da ita. Haladu ya riƙe wannan fiye da yadda uban ma ya riƙe. An taɓa yin wani ɗaurin aure da waliyyin bai so ba, ya ce a ƙasa-ƙasa, "Na bayar, su je can su ƙarata." Haladu ya miƙe ya sanar da jama'a cewa ya bayar, su je can su ƙarata. Aka yi dariya har liman ya rufe baki da rawani. Waliyyin ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa, amma tun daga ranar mutane suka ƙara yarda da shi. Suka ce wanda bai rage wannan ba, babu abin da zai rage.

Babban amininsa shi ne Bappa, makiyayin da rugarsu take can ƙarshen burtali. Fulatanci ya kusa ƙarewa a gidan Bappa, sai na gaisuwa da na yi wa saniya tsawa. Kowace kaka, da zarar an kwashe amfanin gona, shanun Bappa sukan sauka a gonar Haladu, su ci kara, su bar taki. Ba a taɓa yin ciniki a kan wannan ba, tun iyayensu haka suka tarar. Duk auren da aka ɗaura a rugar nan da duk sunan da aka raɗa, da bakin Haladu aka ji su.

"Sanƙira, ka rage murya, nonon shanuna yana tsinkewa," in ji Bappa duk sanda ya hango shi.

"Da can ma ruwa ne rabinsa," Haladu yakan amsa, sannan ya zauna ya shanye ƙwaryar.

Shi burtalin hanya ce ta shanu, ya taso daga ruga, ya bi ta bayan gari, ya gangara mashaya a bakin rafi. Kowace damina manoman da ke gefensa sukan ci kunyar noma guda daga cikinsa, shanu kuma su rama da baki. A yi cacar baki, a je ƙofar dagaci, a sasanta, Haladu ya sanar, kowa ya tafi yana gunaguni. Ba za a kira wannan zaman lafiya ba, amma dai ana zaune.

A haka Alhaji Munzali ya same su. Ɗan ƙasar Gwaram ne, amma gidansa na gaske, mai doguwar katanga, a Birnin Kudu yake. Kujerar majalisa yake nema, tun bai same ta ba kuma ake ce masa Onarabul. Mutum ne mai aƙida, har ma ya fi yawancin mutane yawan aƙidu. Ya taɓa tsayawa a kasuwar Gwaram ya ce duk ranar da aka gan shi a waccan jam'iyya ta ɓarayi, a jefe shi. Da ranar ta zo, shi da kansa ya aiko da tifar duwatsu garin, aka zube su a bakin hanya da sunan za a gina kwalbati. Suna nan har yanzu, awaki na hawa.

Ya iso Rafin Kargo da hantsi, da motoci, da lasifika a kan rufin ta gaba. Yana sauka ya sa aka kashe lasifikar.

"Ni ɗan al'ada ne," ya ce da dattawa. "Ba zan yi wa iyayena ihu da ƙarfe ba. Ba ku da sanƙira?"

Dattawa suka ji daɗi ƙwarai, suka ce yaron nan yana da tarbiyya. Aka kira Haladu, ya zo ya durƙusa a gefen kujerar Onarabul. Matasa suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Babu wanda ya lura a lokacin cewa idan babban mutum ya yi magana a hankali, sanƙira ya maimaita da ƙarfi, murya ɗaya ce kawai take shiga waya.

Onarabul ya yi maganar taki, ya yi ta rijiyar burtsatse, ya yi ta hanya. Sannan ya rage murya ya zo kan abin da ya san yana ci wa garin rai. Haladu ya miƙe.

"Ya ce burtalin bayan gari ya yi faɗi da yawa! Ya ce ƙasa ta mai noma ce! Ya ce in kun zaɓe shi, daminar bana matasanku su shiga su shuka, shi ne zai tsaya musu!"

Aka ɗauki sowa. Shi kuwa Haladu, bakinsa ya saba da inda magana take ƙarewa. Kafin ya ankara ya ce, "Jama'a, kun shaida?"

"Mun shaida!"

A ƙauyukan nan an saba jin alkawarin ɗan siyasa, an kuma san yadda ake yi da shi: a tafa, a karɓi atamfa da sabulu, a manta. Amma abin da aka shaida daban ne. Da wannan tambaya ake ɗaure mace da namiji, da ita ake rufe rigimar gado. Ba a taɓa jin ta a bakin Haladu a kan abin wasa ba.

Da la'asar aka sa Haladu a mota aka wuce da shi rugar su Bappa. Can ma aka kashe lasifika saboda al'ada, aka ɗaga wayoyi. Onarabul ya cire hularsa ya ɗora malafa, ya ce kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce, wanda da safe ba ta kasance ba. Sannan ya rage murya. Haladu ya ji maganar ta shiga kunnensa, ya gane ta, amma ta riga ta kama hanyar da ta saba bi.

"Ya ce burtali gadon kakanninku ne! Ya ce in kun zaɓe shi zai koma faɗinsa na da! Ya ce duk wanda ya shuka a cikinsa, shanu ya shuka wa! Jama'a, kun shaida?"

Suka shaida. Bappa ya sa aka kawo wa Haladu nono mai kauri, ya sha, ya yi godiya, ya shiga mota.

A hanya ya matsa kusa da Abdulsalami, babban yaron Onarabul mai riƙe masa wayoyi.

"Malam Abdulsalami, ni fa akwai abin da ban gane ba. Burtalin nan guda ɗaya ne."

"To?"

"Da safe an ba manoma. Yanzu kuma an ba makiyaya."

Abdulsalami ya yi dariya ba tare da ya ɗago daga waya ba. "Baba, na safe na safe ne, na yamma na yamma ne. Kai dai Allah ya ba ka murya. Ka sha zuma ka kwanta."

Da ya gaya wa Bara'atu, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

"Malam, ka tashi ka je ka gaya wa Bappa. Ka biya ka gaya wa dagaci."

"In ce me? Ni ba mai magana ba ne. An faɗa, na faɗa."

"Ai ba shi ya ce a shaida ba. Kai ka ce."

"Za su manta, kamar yadda suka manta da burtsatse."

Bai je ba. A ganinsa sanƙira ba ya yawo da maganar wani taro zuwa wani taron, wannan aikin magulmata ne. Aka yi zaɓe, akwatin gari da na ruga suka cika da sunan mutum ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Da ya haye kujera, Onarabul ya ce a rediyo wannan alama ce ta haɗin kan da ya kawo.

Ruwa na sauka, wani saurayi mai suna Ɗanladi, wanda gonar gadonsu ta yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, ya shiga burtali da garma ya shuka gero daga wannan gefe zuwa wancan. Bai yi a ɓoye ba, don a saninsa an shaida. Da geron ya kai gwiwa, Yahuza, babban ɗan Bappa, ya koro garke zuwa mashaya ya tarar da hanya ta zama gona. Bai juya ba, don shi ma a saninsa an shaida. Shanu suka shiga. Ɗanladi ya zo a guje da adda.

Geron ya tafi duka. An sassari shanu, wasu sai yankawa aka yi. Yahuza ya tare sara da hannun dama, aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, ya dawo da hannun amma ba ya lanƙwashewa. Ɗanladi ya yi zaman da ya yi a tsare, ya fito ya tarar damina ta wuce shi. Onarabul ya aiko da saƙon jaje ga ɓangarorin biyu, kowanne da buhun shinkafa mai hotonsa a jiki.

Ranar sulhu ƙofar dagaci ta cika. Haladu ya zo da wuri ya durƙusa a inda ya saba. Dagaci ya tambayi dangin Ɗanladi wa ya ba su izinin noma burtali, sai suka ciro waya suka kunna. Ya tambayi mutanen ruga wa ya ce su kora shanu cikin shuka, su ma suka ciro waya suka kunna. Murya ɗaya ce ta fito daga wayoyin biyu, tana ba da abu ɗaya ga mutane biyu, tana kuma neman a shaida. Mai muryar yana durƙushe a tsakiya, kowa na kallonsa.

"Ranka ya daɗe, maganar Onarabul ce," Haladu ya ce. "Ni maimaitawa na yi."

Abdulsalami ne ya zo a madadin Onarabul, wanda aikin jama'a ya riƙe. Ya gyara zama ya yi magana cikin ladabi.

"Allah ya ja zamanin dagaci, ni ba zan ce kowa ya yi ƙarya ba. Ina dai tambaya. Muryar wa aka ji a wayar nan? Onarabul mutum ne mai son zaman lafiya, abin da ya ce shi ne za a duba matsalar burtali. In wani ya ji daɗin taro ya yi ƙari, to, mu dai Allah ya kiyaye gaba."

Dattawan da suka zauna kusa da kujerar Onarabul a ranar suna wurin. Sun ji abin da ya faɗa da kunnensu. Ɗaya ɗansa na jiran takardar ɗaukar aiki, ɗaya an yi masa alkawarin kujerar Makka, sauran kuma kunnuwansu sun tsufa a daidai wannan lokaci. Da aka gama sasantawa, dagaci ya dubi Haladu, ya kawar da kai, ya ce wa ladan ya sanar da abin da aka yanke.

Babu wanda ya kore shi daga sana'a. An dai daina aiko masa da goron gayyata. Ɗaurin auren da ya biyo baya, lasifikar masallaci aka jawo da doguwar waya, tana ƙara tana shaƙewa, rabin jama'a ba su ji sunan amarya ba, amma aka ce gara haka. In ya wuce ta gaban masu shayi sai wani ya ce, "Sanƙira, ina kwana? Ko in bari sai yamma in ji ko ta canza?" Da kaka ta yi, ya bar karan gonarsa a tsaye yana jira. Shanun Bappa suka bi ta wata hanya suka sauka can wajen Kiyako, a gonar mutumin da ko sunan uban Bappa bai sani ba.

Abin da Haladu yake nema bai da yawa. So yake Onarabul ya tsaya a gaban Bappa ya ce da bakinsa, "Ni na faɗa." Don wannan ya riƙa hawa motar kasuwa zuwa Birnin Kudu yana zama a gindin doguwar katangar nan. Maigadi ya san shi har ya daina tambayarsa. Kullum Onarabul yana Dutse, ko yana Abuja, ko yana ciki amma yana ganawa. A tsawon shekarun nan Haladu ya fi jin sa a rediyo. Ya ji shi yana cewa kiwon yawo ya zama tsohon yayi, dole a killace shanu. Da aka yi wani taron makiyaya aka naɗa shi garkuwarsu, ya ji shi yana cewa wanda ya taɓa burtali ya taɓa shi. Duka biyun ya faɗe su da muryar mutumin da ya gaji da maimaita gaskiya.

Da zaɓe ya sake matsowa, jam'iyyarsa ta ba wani takara. A cikin mako guda Onarabul ya gano cewa jam'iyyar azzalumai ce, ya koma wadda ya baro, aka sake fentin motoci. A makon ne kuma ƙofar gidan ta buɗe wa Haladu. Har falo aka kai shi, aka ba shi lemo mai sanyi. Sai ga Onarabul ya shigo.

"Baba Haladu! Ka guje mu. Ko mun yi laifi ne?"

"Ranka ya daɗe, ina ta zuwa."

"Ba a gaya mini ba. Abdulsalami, ka ga irin abin da nake faɗa muku? Uba guda yana zuwa ba a gaya mini." Ya juyo yana murmushi. "Me ke tafe da kai?"

"Maganar burtali. Ranka ya daɗe, kai ka faɗa ko ba kai ka faɗa ba?"

"Na faɗa mana."

Shekaru Haladu yana shirya yadda zai yi in an musa, bai taɓa shirya wa wannan ba.

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Baba, siyasa ce. A lokacin matsayin waccan jam'iyya ke nan, kowa a ba shi abin da yake son ji. Irin wannan rashin gaskiya ne ma ya sa na bar su."

"To ka zo ka faɗa a gaban Bappa."

"Ai dama ina da niyyar zuwa rugar. Sai dai ka san ni, ba na yi wa iyayena ihu da ƙarfe." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka zo ka tsaya mini, in wanke ka a gaban kowa."

Bara'atu ta ce kada ya je. Ta ce mutumin da ya sayar da kai sau ɗaya ya riga ya san farashinka. Haladu ya ce ba shi da wata ƙofa. Ya sa ta wanke masa babbar rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, wadda ta daɗe a ƙasan akwati har ta yi warin kafur.

Rugar ta cika, amma ba kamar wancan karon ba. Mutane sun tsaya nesa-nesa, sun harɗe hannu. Yahuza na jingine da bishiya, hannun a miƙe a gefensa kamar sanda. Bappa kuwa ya jawo buzunsa ya shimfiɗa daf da ƙafar kujerar Onarabul, inda ba a saba ganin mai gida ya zauna ba. Haladu ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Aka ɗaga wayoyi.

Onarabul ya fara a hankali, Haladu na ɗauka yana cillawa. Muryar tana nan yadda take, har shanun da ke nesa suka ɗago kai.

"Ya ce abin da ya faru a burtali ya hana shi barci! Ya ce waccan jam'iyya ce ta ɗaure masa hannu, shi ya sa ya bar ta! Ya ce maganar da aka yi a nan wurin, ba ya musu, shi ya yi ta!"

Nan Haladu ya ɗauka an wanke shi ke nan. Ya dubi Bappa, ya sake sunkuyawa ya miƙa kunne da sauri, kamar mai karɓar kyauta. Onarabul ya ci gaba da murya mai taushi, yana kallon ƙasa kamar mai jin kunya a madadin wani.

Mutane har yau suna gardama a kan abin da ya biyo baya. Wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce an biya shi. Waɗanda suka san shi sun ce tun yana yaro aka hana maganar da ta shiga kunnensa tsayawa a hanya, ranar kuma ba ta tsaya ba. Ya miƙe tsaye sosai.

"Ya ce amma an samu wanda ya ɗauki maganarsa ya ƙara mata gishiri! Ya kai wa manoma wata, ya kawo muku wata! Ya ce shi ya yafe masa! Ya ce ku ma ku yafe masa, tsufa ne!"

Bai rage ko kalma ba. Yaran Onarabul suka fara tafi, wasu daga baya suka taya su, don ba kullum ake ganin babban mutum ya yafe wa talaka a bainar jama'a ba. Aka raba atamfa mai sabuwar alama. Motoci suka tashi, babu wadda ta tuna da wanda aka zo da shi.

Da wurin ya watse, Haladu na nan tsaye a cikin babbar rigarsa. Bappa bai tashi daga kan buzu ba.

"Zauna, Haladu."

Ya zauna a ƙasa.

"Na ji shi da kunnena," in ji Bappa. "Don haka na matso. Yadda ya faɗa, haka ka faɗa. Ko tari ba ka rage ba."

"To ka gaya musu, Bappa. Don girman Allah ka gaya musu. Kai za su yarda da kai."

"In gaya musu me? Ai na sani tun wancan karon. Na san ba ka ƙari. Wanda ya sanar da auren 'ya'yana kaf, ni za a gaya wa halinsa?"

Haladu ya ce, "Ka sani? To shekarun nan duka fa?"

"Shi Onarabul ina zan gan shi? Sai shekarar zaɓe, da 'yan sanda a bayansa. Kai kuwa ga ka nan." Bappa ya karkaɗe ƙasa daga gefen buzun. "Amma ba wannan ba ne. Da safe ka ji an ba Ɗanladi burtali. Da yamma ka zo nan ka ba mu. Ka zauna a inuwar nan ka sha nonon gidana, ka goge baki, ka shiga mota. Daga ranar zuwa saukar ruwa, kasuwa nawa muka haɗu?"

"Sanƙira ba ya kai maganar wani taro wani taron."

"Ni ba sanƙira na ba nono ba. Haladu na ba."

Daga gindin bishiya Yahuza ya juya ya shige bukka.

"Yaron nan kullum da hannun yake tashi," Bappa ya ce. "Ba ya iya tatsa, ba ya iya ɗaure maraƙi. In na kai shanu gonarka, shi zai kwana a cikinta. Ba zan ce masa ya yi ba."

"Ko baɗi?"

"Ban sani ba. Bana dai a'a."

Haladu ya miƙe, ya kakkaɓe rigar. Har ya fara tafiya ya juyo, don akwai abin da ya kasa haɗiyewa.

"Bappa, mutumin nan za ku sake zaɓa?"

"Wa ka ga ya rage? Ɗayan shekaranjiya ya zo. Daga jam'iyyar da wannan ya shiga ya fito, ya shiga wadda wannan ya bari. Shi ma ya ce kakarsa Bafulatana ce."

Haladu ya kama hanyar gida a ƙafa. Kafin ya kai bayan gari, faifan ya riga shi isa. Masu shayi sun kewaye waya ɗaya suna saurare, muryarsa na fita tar, tana roƙon a yafe wa tsohon da ya haɗa faɗa. Da suka gan shi suka rage ƙarar, wani ya ce, "Ai Onarabul ya kyauta, wani da kotu zai kai shi." Haladu ya yi musu sallama a hankali, irin ta manyan mutane, ba wanda ya ji balle ya amsa.

A kakar nan bai bar kara a tsaye ba. Shi da Bara'atu suka sare shi, suka ɗaure, suka jawo shi gida.